Sandar Sauraron Malam Sallau

Ranar da Babana, Malam Sallau, ya cika kwana bakwai da rasuwa, an shafa addu'a, an raba waina, amma mutane ba su tashi ba. La'asar ta yi sanyi, inuwar darbejiyar ƙofar gidanmu ta miƙe har ta taɓa katangar maƙwabta. Yawancin waɗanda ke kan tabarmi abokan aikinsa ne daga kamfanin matsar gyaɗa. Kana gane su da ƙamshin man da ba ya barin rigunansu ko an wanke. Wannan ƙamshin na tashi ina ji a jikin Baba, shi ya sa na zauna a tsakiyarsu, ban so in matsa ko nan da can ba.

Baba Dikko, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana gadin ƙofar kamfanin, kuma aminin mahaifina, ya ce in shiga ɗaki in ɗauko sandar. Na ɗauko. Ta ƙarfe ce, siririya, tsawonta kamu biyu, da mariƙin katako a kai ɗaya. Katakon ya yi baƙi, ya yi santsi saboda shafar kunne. Ya karɓa ya ɗora a cinyarsa.

Ya ce, "Ku gyara zama. Ga wata tatsuniya nan zan ba ku, amma ba irin ta yara ba ce, wannan da ƙafarta ta zo, rabinku ma kun gan ta da ido. Ku bar ni in kai ƙarshe, sannan ku yi ta gardamarku."

Ga abin da ya faɗa, yadda na riƙe shi.

A unguwar masana'antu akwai kamfanoni biyu masu matsar gyaɗa, katanga ɗaya ce ta raba su. Ba wanda ke kiransu da sunan da ke kan allo, sai dai a ce 'yan Gabas da 'yan Yamma. Mu ne 'yan Gabas. Gyaɗa ɗaya muke saye, kasuwa ɗaya muke kai mai, wajen mai shinkafa da wake ɗaya muke cin abincin rana, amma ba mai gaya wa ɗan uwansa ko da cewa noti ya kwance a injinsu. Kowa yana rufe sirrinsa. Saboda haka ne ma aka hana shiga da waya. Da safe kowa zai ajiye tasa a akwatin katakon da ke wajena, in ba shi lamba, da yamma ya karɓa.

Babban injin matsar da muke da shi tsoho ne, ya girmi yawancin masu aiki a kansa. Gwaggo ake ce masa, don ba ya rabuwa da mita, har kowa ya koma kiransa da ita. Sallau kuwa shi ne kunnen Gwaggo. Kowace safiya, kafin a zuba buhun farko, zai zagaya ta da sandar nan, ya dafa tsinin a jikin ƙarfe, ya manna katakon a kunnensa, ya rufe ido. Wuri goma sha ɗaya yake saurare. Ya raɗa wa kowane kuka suna. In ya ce yunwa take ji, a kawo giris. In ya ce atishawa take yi, bel ne ya saki. In ya ce tana cizon haƙori, tsakuwa ce ta biyo gyaɗa. In ya ce nishi, to boris, zoben ƙarfen nan da ke sauƙaƙa juyi, ya gaji, a canza shi kafin ya ci abin da ke kusa da shi.

Akwai kuma wata al'ada da muka gada tun zamanin mahaifin Alhaji Namadi, mai kamfanin na yanzu. Mai riƙe da sanda shi kaɗai ne ke da ikon tsayar da Gwaggo ba tare da neman izinin kowa ba. Da ya ɗaga ta sama, mai kula da wuta zai kashe, ko manaja na tsaye, ko Alhaji da kansa. Shekara ashirin da takwas Sallau na riƙe da ita, Gwaggo ba ta taɓa karyewa a tsakiyar kaka ba.

To, ƙarar da ta ciyar da shi ita ta cinye masa kunne. Ni na fara ganewa. Wata safiya na gaishe shi ta baya har sau uku, bai juyo ba. Da na tsare shi a bakin ƙofa sai ya ce, "Dikko, Gwaggo tana yi mini nisa. Ina jinta kamar mai magana daga cikin rijiya."

Ya taɓa gwada koya wa samari, amma su ƙara kawai suke ji, kuma kunne irin nasa ba a shekara ɗaya ake yinsa ba. Likita kuwa ya ce shekara ɗayan ce ta rage wa kunnensa, ko ƙasa da haka. Alhaji Namadi bai ɓoye wa kowa ba. Ya tara mu ya ce sabon inji ya fi ƙarfinsa, ranar da Gwaggo ta karye a tsakiyar kaka zai kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su kwashe ta, ya mai da wurin sito, kamar yadda aka yi wa kamfanoni uku a layinmu. Mutum ɗari biyu da 'yan kai ke ci daga jikin injin nan, ban da manoman da ke kawo gyaɗa. A wurin taron Sallau ya miƙe, ya nuna sandar, ya ce, "Duk wanda ya sa Gwaggo ta ci gaba da samun mai jinta bayan kunnena ya tafi, wannan tasa ce."

Mutum uku suka amsa, ko da yake ba a rana ɗaya ba, kuma ba wanda ya san da ɗan uwansa tun farko.

Ta farko ita ce Hindatu, mai aiki a ɗakin gwajin mai. Mahaifiyarta na ƙauye, ba ta karatu, don haka da saƙon murya suke gaisawa. Wata rana tana sake sauraron wani tsohon saƙo sai abin ya faɗo mata: in waya na riƙe muryar mutum, me zai hana ta riƙe ta inji? Amma doka ta hana shiga da waya. Sau huɗu ta je wajen manaja, sau huɗu ya kore ta. A na biyar sai ta tsaya gaban motar Alhaji a bakin ƙofata, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi tashi sai da ya sauke gilashi. Ya yarda da waya ɗaya, da sharaɗin a cire layin da ke ciki. Ni ke cire shi kowace safiya da tsinken allura, in mayar da yamma.

Sai kuma Sallau ya ƙi. Ya ce, "Ni zan kanga wa Gwaggo waya? Me za ta ce, a gaida mutan gida?" Hindatu ba ta yi musu da shi ba. Ta ɗauki gwangwanin giris ta riƙa binsa a baya, wuri ɗaya zuwa goma sha ɗaya. Mako biyu tana haka. Ranar da ya gaji da ganin inuwarta ya miƙa mata sandar ya ce, "Ungo, 'yar nan, ɗaura abin naki." Ta ɗaure wayar a jikin katakon da kyauron roba. Ta ɗauki kukan wuri, shi kuma ya saurara ya faɗi sunansa, ta ɗauki muryarsa a kai. Wata takwas tana zuwa awa ɗaya kafin kowa, da damina da zafi. Ma'aikata suka sa mata suna 'yar rakiyar Gwaggo. Ta kuma riƙa yi masa tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi masa.

"Baba, jiya ka ce yunwa, yau ka ce ƙishi. Ni duk ɗaya na ji."

"Ke, yunwa daga ciki take fitowa, tana da kauri. Ƙishi a saman ƙarfe yake, kamar ana jan tsintsiya a kan kwano."

Haka ta yi ta tono masa kalmomin abin da shi kansa bai san yana da kalmominsa ba. Da kunnen ya ƙara nisa sai ya koma cizon katakon da haƙori, don ya ji ta ƙashin kai. Kafin ya rufe gaba ɗaya Hindatu ta tara kuka sama da dubu uku, kowanne da sunansa da muryar Sallau. Ita kuma har yau kunnenta na hagu yana yi mata ƙugi. Da ta makara da wata biyu, da ba abin da za a ɗauka.

Amma waya cike da kuka ba kunne ba ce. Wa zai zauna kullum ya kwatanta kukan yau da dubu uku? Sai kwamfuta, mu kuwa ba mu da wanda ya iya koya mata.

Na biyu shi ne Ma'arufu, Bazazzagi, injiniyan kwamfuta na 'yan Yamma. A wajen mai shinkafa da wake ya ji ana yi wa Hindatu ba'a, ya ajiye cokali ya ce a maimaita masa. Washegari sai ga shi a ƙofata. Na ce masa ɗan Yamma bai taɓa wuce nan ba, ya ce ya sani, ba wucewa ya zo yi ba, shawara ya zo nema. Shi ne ya yi ta kai da komowa har ya zaunar da Alhazan biyu, namu da mai kamfaninsu, a tabarma ɗaya wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ya ce musu man waje ya cika kasuwa, ko su koyi abu tare, ko kuwa nan gaba kaɗan katangar nan ta koma raba sito biyu. Suka yarda, kowa yana hararar gefe.

Ya manna wa Gwaggo ƙananan na'urori goma sha ɗaya, kowace ba ta fi ƙwayar goro ba, a daidai wuraren da Sallau ke dafa sanda. Ya ja wayoyi zuwa kwamfuta, ya zuba mata kukan da Hindatu ta tara, ya yi ta koya mata kamar mai biya wa ɗalibi allo. Wata uku ta iya. Sallau bai yarda ba sai da ya gwada ta. Ya faki ido ya sassauta noti ɗaya a wuri na huɗu, ya koma gefe ya harɗe hannu. Ba a jima ba allon kwamfuta ya nuna atishawa a wuri na huɗu.

Ya ce, "Bazazzagi, ashe akwatin naka ya fi ka kunne."

Ma'arufu ya ce, "Baba, ai a hannun Bakano ya yi karatu. Dole ya iya jiyo asara tun tana nesa."

Ana cikin murna sai Ma'arufu ya gano wani rami. Duk kukan da aka tara na ƙananan ciwo ne. Ya rubuta tambaya a takarda, don a lokacin sai an rubuta ko an ɗaga murya sosai: yaya kukan Gwaggo yake in za ta mutu? Aka miƙa wa Sallau ya karanta. Ya ce, "Ban sani ba. Ban taɓa barinta ta kai can ba." Kun ga, ƙwarewar tasa ita ce ta bar ramin. Kwamfuta ta san yunwa da atishawa, amma abin da Alhaji ke tsoro, wanda zai rufe kamfani, ba ta taɓa jinsa ba, ba kuwa za ta gane shi ba in ya zo.

Mutum ɗaya ne a unguwar ke da wannan kukan, shi ne Ma'arufu da kansa. Shekara uku kafin nan, inji irin namu da ke wajen 'yan Yamma ya karya shaf, wato doguwar sandar ƙarfen nan da ke juyawa a tsakiyar inji, wadda komai ke rataye a kanta. Suka ɓoye. Suka ce fenti suke yi, suka riƙa tada janareta a banza don mu ji ƙara ta katanga mu ɗauka aiki suke. A kwanaki tara na ƙarshe kafin karyewar, Ma'arufu yana gwada wata na'ura a jikin injin, ta ɗauki komai. An tambaye shi a lokacin, ya duba, ya ce lafiya lau. Don haka fito da kukan nan yana nufin ya tona asirin kamfaninsu, ya kuma tona nasa. Alhajinsa ya ce in ya kuskura, a bakin aikinsa. Ma'arufu ya rubuta takardar barin aiki ya ajiye a kan tebur ya ce, "Ranka ya daɗe, ga takarda, ga kukan. Ko ni ko kukan, ɗaya zai fita daga ofis ɗin nan yau." Alhajin ya yi kwana biyu bai yi masa magana ba, sannan ya ce a kai, amma a ba su kukan Gwaggo su ma. Aka yi musaya.

Ina wurin ranar da aka kunna wa Sallau. Ya dafa tsinin sanda a jikin sifika, ya ciji katakon, ya rufe ido. Ya daɗe. Da ya buɗe sai ya ce, "Allah sarki. Kwana tara tana kira, ba wanda ya amsa." Ma'arufu ya sunkuyar da kai.

Kaka ta shigo. Mako na uku, ranar Talata da hantsi, motocin gyaɗa sun yi layi har titi, sai jiniyar kwamfuta ta tashi. Wuri na bakwai, kukan mutuwa. Mai yana zuba garau, Gwaggo tana mitarta ta kullum. Sallau ya ciji sanda a wuri na bakwai, bai ji komai ba, a lokacin ko haƙorin ya daina kawo masa labari. Manaja ya ce kwamfuta ce ta rikice, a cire mata waya. Sallau ya dubi Hindatu, ya dubi Ma'arufu, sannan ya ɗaga sanda sama. Wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya ɗaga ta a kan abin da ba shi ya ji ba. Aka kashe wuta.

Aka kwance, aka fito da shaf, aka goge. Yana ƙyalli kamar madubi, ba tabo ko ɗaya. Direbobi suna ta oda a waje. Alhaji Namadi ya zo ya duba da kansa, ya ce al'ada ta ba mai sanda ikon tsayarwa, ya girmama wannan, amma in la'asar ta yi ba a nuna masa ciwo ba, a mayar da shaf, a tayar, a kuma kwashe wayoyin nan daga jikin injinsa.

Na uku shi ne Tukur maƙeri, mai ƙaramar masana'anta a ƙarshen layi, inda shi da mutum goma sha biyu ke ƙera kayan injin niƙa. Jikan maƙera ne, ko takardar makaranta ɗaya ba shi da ita. Ni na je na kira shi. Ya zo da galan ɗin kananzir, da alli a leda, da ƙaramar guduma. Manaja ya ce, "Mun kira likita an kawo mana mai wankin kwano." Tukur ya tsuguna ya kama aiki. Ya jiƙa shaf da kananzir, ya bari ya tsuma, ya goge tas har ya bushe. Ya daka alli ya barbaɗa, ƙarfen ya yi fari. Sai ya riƙa ƙwanƙwasawa a hankali da guduma, yana zagayawa. Muna tsaye muna kallo. A daidai wuri na bakwai sai wani layi ya fara fitowa a cikin farin, siriri kamar gashi, kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsaga ne ke fitowa yana jiƙa alli. Layin ya yi ta tafiya har ya zagaye kashi biyu cikin uku na shaf ɗin. Tukur ya ce da an ƙara kwana uku, da ya karye yana gudu, ya farfasa cikin Gwaggo, kuma mutum biyu ke tsayawa a gefen nan kullum. Saura rabin awa la'asar.

Gano ciwo ba warkewa ba ne. Sabon shaf sai daga ƙasar waje, wata huɗu a hanya, kafin nan kaka ta wuce, manoma sun kai gyaɗarsu wani wuri. Tukur ya ce a ba shi kwana goma. Ya san inda wani aksul na tsohon taragon jirgin ƙasa, wato ƙarfen da ke haɗa ƙafafunsa, ke kwance a wajen 'yan gwangwan, ƙarfe mai kyau da ba a yin irinsa yanzu. Ya ajiye duk aikin mutanensa. Injinsa na feƙe ƙarfe ya gaza da taki ɗaya, 'yan Yamma kuwa suna da dogo a ajiye, sai aka kai aikin can. Zagayawa ta titi da wannan nauyi wahala ce, don haka Alhazan biyu suka ce a fasa katanga. Ƙofar da kuke bi yanzu, ranar aka yi ta.

Ma'arufu ya auna tsohon shaf da na'ura, ya fitar da zane a kwamfuta, daidai har abin da ido ba ya gani. Tukur ya bi zanen ko'ina, ban da wuri ɗaya. Inda tsagar ta fara akwai wata kwana mai kaifi, shi kuma ya yi tasa mai laushi, kamar gefen ƙwarya. Ma'arufu ya ce ba haka zane ya nuna ba.

Tukur ya ce, "Injiniya, kwamfutarka ta zana majinyaci har da ciwonsa. Ƙarfe ba ya son kwana mai kaifi, nan yake tara fushinsa. Naku ma ina ya karye?"

Ma'arufu ya koma ya duba hoton nasu. A nan ne. Ya gyara zanen da hannunsa.

Wajen gasa ƙarfen Tukur ya ƙone daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba. Rana ta tara aka ɗaura. Aka tayar. Kwamfuta ta yi shiru. Sallau ya zagaya da sandarsa kamar yadda ya saba, ɗaya zuwa goma sha ɗaya. A na bakwai ya ajiye ta, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfe, ya daɗe, sannan ya yi murmushi ya ce, "Ta koma yarinya." Aka matse gyaɗar bana har buhun ƙarshe. Yanzu injin 'yan Yamma ma yana da kunnuwa goma sha ɗaya, Tukur kuma ana aika masa labarin ciwo ta waya tun bai girma ba, ya ƙera maganin ya ajiye. Duk Alhamis mu da 'yan Yamma da mutanen Tukur muna zama a bakin ƙofar katanga mu saurari injinan juna.

Saura alkawari. Sallau ya ce sai an gama kaka zai ba da sanda. Kullum da yamma yana zama a bencina, yau ya ce Hindatu, gobe ya ce Bazazzagi, jibi ya ce maƙeri. Ana gama kaka zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu. Da na je duba shi ya riƙe hannuna ya ce, "Dikko, na kasa. Ka tambayi mutane. Amma kada a yanka ta uku, kada kuma a rataye ta a ofis don ado. Hannu ɗaya ke ɗaga ta." Safiyar Juma'a ya cika.

Nan Baba Dikko ya tsaya, ya sha ruwa. Ma'arufu na zaune a ƙarshen tabarma yana kallon ƙasa. Tukur na jingine da darbejiya, tabon ƙuna na sheƙi a hannunsa. Hindatu na cikin zaure tare da mata, ina hango gefen mayafinta a bakin ƙofa. Baba Dikko ya miƙo mini sandar in riƙe. A jikin katakon akwai sawun haƙoran Baba, guda huɗu a sama, uku a ƙasa, inda yake da giɓi. Na sa babban yatsana a wurin giɓin. Ban ɗaga kai ba.

Ya ci gaba. "Kada ku yi saurin magana, don kowannensu yana da abin da za a ce a kansa. Hindatu ce ta ceto kunnen kafin ya tafi, ita kaɗai ta san sunan kowane kuka daga bakin mai shi. Ba don ita ba, da kwamfuta ba ta da abin koya. Amma ba ta taɓa kwance noti ɗaya a jikin inji ba, kuma abin da ta tara ba shi ne ya jiyo mutuwar ba.

"Ma'arufu ne ya mai da kukan kunne, ya haɗa gidaje biyu da ba sa ga maciji, ya sayi kukan mutuwa da mutuncinsa. Ba don shi ba, da jiniya ba ta tashi ba. Amma ɗan Yamma ne, za ku ba shi ikon kashe injin 'yan Gabas? Kuma shi ne ya taɓa jin kukan nan kwana tara ya ce lafiya lau.

"Tukur ne ya nuna ciwon da ido bai gani ba saura rabin awa a mayar da shi, ya ƙera abin da aka ce sai ƙasar waje, ya kuma cire aibin da ya kashe inji ɗaya ya kusa kashe na biyu. Ba don shi ba, da jin da aka yi ya tashi a banza. Amma bai san yunwa daga ƙishi ba, kuma a ƙarshen layi yake, sai an aika a kira shi.

"Ranar Litinin za a fara matsar waken suya. Kafin a zuba buhun farko, dole wani ya zagaya Gwaggo da sandar nan, kuma in ya ɗaga ta kowa ya tsaya. Yaron nan ne zai miƙa ta da hannunsa a madadin mahaifinsa, amma ku za ku gaya masa inda zai nufa. To, jama'a, tsakanin wadda ta adana kunnen, da wanda ya koya masa jin mutuwa, da wanda ya warkar da abin da aka jiyo, wa ya fi cancanta ya riƙe sandar Sallau?"